Yadda Aka Tsige Rana da Ƙuri'a a Filin Gazawa

Ranar Talata, sha bakwai ga watan Nuwamba 1992, bayan sallar la'asar, Surajo ɗan Tani mai ƙosai ya yi sallama a zaurena a nan Gazawa, rungume da jakar buro irin ta ma'aikatan ofis. Daga wannan sallama zaluncin da nake kuka da shi ya fara. Sunana Ilyasu Mahamane, amma da Mushe Ilyasu aka fi sanina, don Mushe ake kiran malamin boko a nan. Na koyar a lakol, wato makarantar boko, sama da shekara talatin, a Cadawa da Gidan Rumji da nan garin, kafin in ajiye alli. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Yau na ɗauki alƙalami, kuma ina roƙon duk wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi, a tasha ne ko a rumfar kasuwa.

Surajo ya taɓa zama ajina, a bencin baya, jikin taga, inda ya fi mai da hankali ga jakunan da ke wucewa. Bai kai ga jarrabawar satifika ba ya bar lakol, ya koma ɗauko mai daga tsallaken iyaka a bayan babur. Wannan ba ruwana, sana'a ce. Amma tun da aka yi Babban Taron Ƙasa a Yamai aka buɗe ƙofar jam'iyyu da ƙungiyoyi, kowa ya lura cewa wanda ya iya riƙe lasifika yana iya wayar gari an tsayar da shi takarar depite a majalisa. Mahauta suka yi ƙungiya, direbobi suka yi, masu facin taya ma suka yi. Surajo ya duba ƙasa ya tarar an rabe komai, sai ya ɗaga kai sama. Ya kafa Ƙungiyar Wayar da Kan Talaka a kan Al'amuran Sama. Shi ne shugabanta, shi ne mataimakin shugaba, shi ne kakaki.

Abin da ya kawo shi wurina wani darasi ne da nake yi wa 'yan babban aji duk shekara. Ya ce yana tuna ranar da na shigo aji da faifai da tafin garin gero, yana so in maimaita masa. Na ji daɗi, don malami ba ya ƙin tsohon ɗalibi da ya dawo neman abin da ya bari. Na gaya masa abin da masana suka gano game da yadda Allah ya tsara abin. Da farko wani gajimare ne na ƙura da iska, mai faɗin da hankali ba ya kamawa, yana juyawa a hankali. Nauyin kansa ya dinga jawo shi ciki, juyin ya ƙaru, ya baje kamar faifai. Mafi yawansa ya taru a tsakiya, ya matsu, ya yi zafi har ya kunnu ya fara haske: rana ke nan. Ragowar ƙurar da ke kewaye ta dinga mannewa, ƙwaya na kama ƙwaya, babba na haɗiye ƙarama, shekaru miliyoyi, har aka sami duniyoyi tara. Huɗu na kusa ƙanana ne, na dutse, tamu ce ta uku a cikinsu. Huɗu na bayansu ƙatti ne, don can akwai sanyi, iska da ƙanƙara sun sami wurin taruwa. Sai 'yar ƙarama, Fuluton, can ƙarshe. Kowace da hanyarta, kuma duk gefe ɗaya suke bi, tunda juyi ɗaya ya haife su. Na ƙara masa da cewa faifai da gari misali ne kawai, irin yadda mata ke murza wasa-wasa suna yayyafa ruwa har gari ya dunƙule, kuma da tafi ɗaya ake yi, a hankali.

Duk wannan bayani Surajo yana ɓarar gyaɗata. Ban kai ƙarshe ba ya kakkaɓe hannu ya ce, "Ya isa, Mushe, na kama. Gari, ruwa, juyi."

Sannan ya buɗe mini shirinsa. Zai tara Gazawa da maƙwabtanta a filin ƙwallo na bayan tasha ranar kasuwa, ya ƙera rana da duniyoyi a gaban idon kowa, manyan jam'iyyu suna zaune suna kallo. Ya ce duk jam'iyyar da ta ga mutumin da ya iya tsara sama, ba za ta yi shakkar damƙa masa mazaɓa ɗaya ba. Na ce ba da ni ba, kuma kada ya kuskura ya ambaci sunana. Ya dafa ƙirji ya ce ko a mafarki.

Kafin mako ya zagayo, mai shela ya bi unguwa-unguwa yana sanar da cewa za a yi wannan gagarumin aiki bisa ilimin Mushe Ilyasu, da yardarsa, da sa idonsa. Na sa takalmi na sami Surajo a teburin mai shayi, yana zana da'ira da yatsa a cikin ruwan da ya zube, mutane sun kewaye shi. Yana gaya musu cewa masanan Turai leƙen sama kawai suke yi ta cikin gilashi, shi kuwa da hannu zai haɗa ta. Na tambaye shi wa ya ba shi sunana. Ya ce sunan malami dukiyar ɗalibansa ne, kuma zamanin ɓoye ilimi a zaure ya tafi tare da jam'iyya ɗaya.

Na ce, "Zamanin ƙarya fa, shi da wa zai tafi?"

Ya ce tambaya ce mai kyau, za a saka ta a zaman ƙungiya na gaba.

Daga nan gari ya ɗauki zance. Limamin unguwarmu ya tsare ni bayan sallar asuba, ya ce ya ji wai zan ƙera duniya, shin wadda Allah ya ba mu ce ta yi mini kaɗan? Na yi masa bayani har rana ta fito, ya tafi yana cewa zai dai zo ya gani. Wani maƙwabcina manomi ya roƙe ni in sabuwar duniyar ta fito in ajiye masa fadama. Duk wanda na ce wa ba ni ciki, sai ya yi murmushi ya ce ai manyan malamai haka suke, ba su son yabo.

Shi kuwa Surajo bai zauna ba. Ya sa maƙeri ya farke gangunan mai ya daddake su ya haɗa, aka sami faifan ƙarfe mai faɗin tsakar bukka, aka kafa shi a kwance bisa cibiyar tayar amalanke. Ya lallashi Idrisa mai injin niƙa ya kwance injinsa ya kawo fili, aka ja igiyar roba daga injin zuwa faifan. Garin kuwa daga mata ya fito. Gogo Larai mai fura, wadda ke shugabantar matan kasuwa, ita ya samu ya ce kowace mace ta kawo abin da ta iya, da yamma za a mayar mata da shi a dunƙule, sai dafawa. Gogo ta ce ita ba ta yarda da ɗan Tani ba tun yana satar ƙosan uwarsa, amma tunda da Mushe a ciki, to. Sai da aka gama tarawa na gano har matata Ikilima ta aika da ƙwarya guda. Ta ce ta ji sunana a bakin mai shela, ba ta so a ce gidan mai abin ne bai bayar ba.

Ranar kasuwa na tafi filin da niyya ɗaya: in karɓi lasifika in ce ba hannuna. Fili ya cika. Wakilan Gangara da na Cadawa sun zo a motocin kasuwa, 'yan jam'iyyu kowa da hularsa, ga wani babban baƙo daga ofishin gwamnati na garin Agye cikin baƙin kwat da tabarau. Ina sa ƙafa Surajo ya hango ni, ya ce cikin lasifika ga uban tafiya ya iso. Makaɗa suka taso mini, aka riƙe ni hannu bibbiyu aka zaunar da ni a layin gaba, dab da baƙon. Na nemi lasifika, Surajo ya ce an sa jawabina a ƙarshe, don manya ke rufe taro.

Ya sha babbar riga ruwan ɗorawa, ya ɗaura madubin mai aski a ƙirji, don a cewarsa shi ne zai zama rana. Aka juye garin mata bisa faifan har ya yi tudu. Aka ajiye gangar ruwa a gefe, wani ƙato ya hau kujera da butar ban-ruwan lambu. Idrisa ya kama hannun tayar da inji, ya waiwayo ya ce, "Shugaba, injin nan fa gudu ɗaya ya sani." Surajo ya ce sama ma haka take, ya kunna kawai.

Injin ya yi tari, ya kama. Faifan ya yi juyin farko kamar zai yi hankali, daga nan ban ƙara ganin komai ba. Gari ya tashi ya rufe layin gaba da na biyu da makaɗa. Ƙaton nan mai buta, don kada a ce bai yi aikinsa ba, ya tuttule ruwan gaba ɗaya, faifan ya karɓa ya raba wa jama'a ƙullu, kowa da rabonsa a fuska. Ana cikin haka igiyar roba ta tsinke ta yi bulala, ta kifar da gangar ruwa a cikin garin da ya zube, wurin ya zama kududdufin kunu. Da abin ya lafa, baƙon Agye ya koma fari tun daga kai har takalmi, in ban da zagaye biyu da suka bayyana da ya cire tabarau.

Mai kunya da a nan ya tsaya. Surajo ya busa garin da ya toshe lasifika, ya ce jama'a su yi murna, abin da suka gani shi ne ainihin gajimaren farko, kuma ba kowa ne ya taɓa samun shiga cikinsa ba. Abin da ya rage dunƙulewa ce, ita kuwa Mushe ya ce tana ɗaukar shekaru miliyoyi.

Gogo Larai ta fyace gari daga hanci ta ce, "To ɗan Tani, tuwon daren yau fa? Shi ma sai miliyoyin?"

Ya ce Gogo ta yi haƙuri, wannan sadaukarwa ce mata suka yi wa ilimi. Ta ce in ya sauko za ta nuna masa sadaukarwa da muciya. Awakin da aka kawo sayarwa kuwa sun riga sun ji ƙanshi, sun tsinke igiya sun shigo fili suna lasa.

Don ya kawar da zancen gari, ya yi maza ya shiga kashi na biyu, wato jeren duniyoyi. Ya riga ya sa an zana da'irori tara da toka, wata cikin wata, da gangar mai a tsakiya inda zai tsaya. Kowace tawaga ta fitar da ɗan kabu-kabu guda da zai zagaya da babur ɗauke da alamar duniyarsu. Nan kam, in faɗi gaskiya, ya tuna wani abu daga darasin, don ya bambanta girma. Gazawa ya ba Mushtari, babbar cikinsu, aka ɗaura musu masaki a bayan babur. Cadawa ya ba Uɗaridu, ta kusa da rana, ya miƙa musu goruba. Da aka zo kan Gangara, ya laluba aljihu ya ciro ƙwayar kurna guda, ya ce su ne Fuluton, da'irarsu kuma tana can wajen fili, ta bi ta bayan turken shanu inda ba mai ganinsu.

Jagoran tawagar Gangara, Malam Abdulaziz, dattijo ne mai sanyin magana. Ya karɓi kurnar ya ɗaga ta tsakanin yatsa biyu don kowa ya gani, ya jujjuya ta, sannan ya ce, "Zamanin soja an manta da mu. Zamanin jam'iyya ɗaya an manta da mu. Yau dimokuraɗiyya ta zo, an raba sama, ga rabon Gangara. Surajo, mi muka yi maka?"

Fili ya ɗauka. Mutanen Cadawa suka ce kasuwarsu ta fi ta Gazawa hatsi, ba za su riƙe goruba wani na riƙe da masaki ba. Mahauta suka ce an ba su Mirrihu ne don ja ce, wato ana yi musu gorin jini. Direbobi suka ce ba a ba su komai ba, alhali su suka kwaso jama'ar. Wanda aka ba Zuhalu ya ji an ce tana da zobe, ya ce shi magidanci ne, a ba mata. Gogo Larai ta ce mata ba su yi tattaki a Yamai don a dinga miƙo musu abin da maza suka ƙi ba, kuma tunda garinsu ne gajimaren, in ana gaskiya duk duniyoyin nasu ne. Liman ya tambaya ina wata, wanda da shi ake ɗaukar azumi. Surajo ya manta da shi sam, amma ya ce za a naɗa shi daga baya. Yana ta roƙo a yi haƙuri, haka abin yake a sama, sai wani saurayi mai hular jam'iyya ya hau benci ya yi tambayar da ta rushe komai: wa ya zaɓi Surajo ya zama rana? Ya ce an gama zamanin da mutum ɗaya zai tsaya a tsakiya kowa na zagaya shi har abada, kuma wannan taro, kamar na Yamai, mai cikakken iko ne.

Na ga Surajo ya saci kallon manyan jam'iyyu, ya ga suna gyaɗa kai. Nan take ya juya. Ya ce wallahi abin da ke ransa ke nan tun farko, ya jera su haka ne don ya gwada ko jama'a sun waye. Ya ce a kawo shawarwari, za a kaɗa ƙuri'a da ɗaga hannu.

Aka kaɗa. Aka amince kowace duniya ta riƙe ƙwarya daidai da ta 'yar'uwarta. Aka amince a share da'irori takwas a bar ɗaya, don kada wani ya fi wani kusa da mulki. Aka ƙara duniyoyi har sai da direbobi da masu facin taya da makaɗa suka samu, na daina ƙirgawa. Ina zaune ina ji kamar ana rushe mini gida ɗaki-ɗaki. Sai Malam Abdulaziz ya kawo ta ƙarshe: a sauke rana daga tsakiya a ɗora duniyarmu, tunda a kanta talakawa suke, rana kuwa ba mai jefa ƙuri'a a cikinta.

A nan ne aka yi mini abin da ya sa nake wannan rubutu, kuma ina so a fahimce shi da kyau. Duk wanda ya zauna ajina ya san doka ta farko: ba a magana sai an ɗaga yatsa an jira izini. Na hori yara a kanta, kuma ban taɓa ɗora wa yaro dokar da ni ba na bi ba. Ko a taron suna ba na katse mutum. Saboda haka da na ji za a tsige rana, na ɗaga hannun dama, yatsa a miƙe, ina neman izinin magana. Daidai lokacin Surajo yana cewa waɗanda suka yarda su ɗaga hannu.

Surajo ya san wannan yatsa. Ya san ma'anarsa fiye da kowa a filin, don ya sha tsayuwa fuska ga bango saboda shi. Ya dube ni ido cikin ido, sannan ya kai lasifika baki.

"Jama'a, ku dubi Mushe. Mai ilimin da kansa ya riga mu."

Hannuwan da ke shakka duk suka tashi. Mata suka rangaɗa guɗa, makaɗa suka saki kiɗa, abin da na faɗa ko ni ban ji shi ba. Baƙon Agye ya kama hannun nawa, wanda ban kai ga saukewa ba, ya girgiza, ya ce ya yaba ƙwarai da ganin tsohon malami da ke tafiya da zamani.

Aka ɗora Malam Abdulaziz a kan ganga a matsayin duniyarmu, aka ba shi lema. Surajo ya hau babur ɗinsa da rigarsa da madubinsa, ya shiga layi tare da sauran, rana ta koma 'yar zagaye. Ana shirin tashi sai samarin Gazawa, waɗanda aka ƙwace wa masaki, suka ce su daga yau 'yan adawa ne, kuma ɗan adawa ba ya bin gefen da masu rinjaye ke bi. Mahauta suka mara musu baya. Suka juya kawunan baburansu. Surajo ya yanke hukunci cewa haƙƙinsu ne.

A nan na karya dokata da kaina. Na miƙe ba izini na ce hanya ɗaya ce, gefe biyu ne, za su yi karo. Saurayin nan mai hula ya ce da ni cikin ladabi, "Baba Mushe, ka riga ka jefa taka. Ba a jefawa sau biyu."

Aka busa usur. Wasu suka yi dama, wasu suka yi hagu, kowa ya kifa ƙwaryarsa a ka. Nan da nan suka hango juna a ɗaya gefen. Da sun iya kaucewa, don 'yan kabu-kabun nan sun saba da miyagun hanyoyin iyaka, amma Surajo ne a gaban masu rinjaye. Ranar Allah ta gaskiya, wadda ba a sanar da ita an tsige ta ba, ta daki madubin ƙirjinsa ta watsa a idon jagoran 'yan adawa. Ya saki hanya ya yi cikin awaki. Awaki suka yi cikin da'ira. Zuhalu ta hau Mirrihu, duniyar direbobi ta bi ta kansu, ta masu facin taya ta shige ƙarƙashin bencin manyan jam'iyyu ta ɗaga shi da mutanen da ke kai. Ƙorai suka dinga fashewa. Wani bunsuru ya fita fili da guda a ƙaho, mai shi na bin sa yana kiran sunan Allah.

Surajo ya so ya nuna gwaninta ya ratsa ta tsakiya. Bakin babbar rigar ya shiga sarƙar babur, tayar baya ta dinga naɗe ta har ta tuɓe shi tsaf ta tsaya cik. Babur ya tsaya, shi bai tsaya ba. Ya tashi sama daga shi sai gajeren wando, ya sauka a kududdufin kunun nan, ya gangara cikin busasshen gari da yashi da kashin awaki, yana mirginawa abin na kama shi, har ya tsaya a gaban layinmu a dunƙule. Ita ce kaɗai duniyar da ta haɗu a Gazawa ranar.

Allah ya kiyaye ba wanda ya karye, sai ƙujewa da fasassun fitilu. Malam Abdulaziz bai motsa daga kan gangarsa ba. Da jandarmomi suka iso suka ce ya sauko, ya ce wa'adinsa bai cika ba.

Babbansu ya tambaya wa ya shirya wannan abu. Gogo Larai na tsaye a gefe da muciyar da ta aro, matan kasuwa a bayanta. Surajo ya dubi jandarma, ya dubi muciya, ya lalubo lasifika a cikin yashi. Ya ce shi ɗalibi ne kawai, mai bin umarni. Gari da ruwa da juyi, a zauren Mushe ya ji su. Sauke rana kuwa, kowa ya ga hannun da ya fara tashi.

Tun daga ranar ban huta ba. Matan kasuwa sun zo ƙofar gidana da ƙoransu wayam suka zauna, sai da Ikilima ta fita ta rantse musu cewa ita ma nata ya tafi. A tasha, in motoci suka cushe aka rasa mai ba wani hanya, sai ka ji an ce an yi tsarin Mushe Ilyasu. Wani da na koya wa karatu a Gidan Rumji ya aiko a tambaya ko lafiyata ƙalau, don labarin da ya isa can shi ne na tuba daga abin da na koyar. Duk wannan da na haɗiye. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne wanda malamin babban aji na yanzu ya zo ya gaya mini, kansa a sunkuye. Ya tambayi yara me ke tsakiya, rana ko duniya. Aji ya rabu. Masu cewa duniya suka fi yawa, hujjarsu kuwa iyayensu suna filin, sun ga Mushe Ilyasu ya ɗaga hannu. Da ya ce musu ba haka ba ne, suka nemi a kaɗa ƙuri'a.

Waɗannan yara satifika ke jiransu a ƙarshen shekara. Iyayensu da yawa ni na koya musu cewa duniya ce ke zagaya rana. Na sha gardama da dattawa a kan haka tun ina saurayi, na bi su da haƙuri, ina yi musu misali da lemo da fitila, har suka bar 'ya'yansu suka saurara. Abin da na kwashe rayuwata ina ginawa, Surajo ya rushe shi da yammaci ɗaya, kuma da hannuna ya rushe shi.

Ya aiko kawunsa da goro, wai a rufe magana a cikin gida. Na mayar da goron. A cikin gida aka yi mini laifin? Ya sake aikowa cewa in na yi shiru zai naɗa ni shugaban girmamawa na ƙungiyarsa, wadda na ji yanzu ta koma kan al'amuran ƙarƙashin ƙasa, kuma yana neman wanda zai tuna masa darasin duwatsu masu aman wuta. Ina shawartar tsofaffin abokan aikina su rufe zaurukansu.

Ga abin da nake nema, ba ƙari ba ragi. Surajo ɗan Tani ya tsaya a filin nan na bayan tasha, ranar kasuwa, a gayyato mutanen Gangara da na Cadawa da matan kasuwa da 'yan babban aji tare da malaminsu. Ya riƙe lasifika ya faɗa da bakinsa cewa rana ce a tsakiya, duniyoyi tara ne, girmansu ba ɗaya ba, kowace da hanyarta, duk gefe ɗaya suke bi, kuma ba taron da ya isa ya sauya wannan. Ya faɗa cewa na hana shi sunana ya ɗauka. Ya faɗa cewa hannun da na ɗaga na neman izinin magana ne, kuma ya san haka lokacin da ya nuna shi. Sannan ya ce, Mushe, ka yafe mini, da muryar da na bayan turken shanu za su ji. Garin mata kuwa tsakaninsa da Gogo Larai ne. Ba na shiga, ba na kuma ba shi shawarar ya je shi kaɗai.

In ya yi haka zan yafe masa a wurin, a gaban kowa. In bai yi ba, zan bi kasuwanni da kaina ina karanta wannan labari, daga Gazawa har Gidan Rumji, lokaci kam ina da shi. Na ji abokan shayinsa sun fara cewa a tara jama'a a ji ra'ayin masu rinjaye, ko ya kamata ya ba ni haƙuri ko bai kamata ba. Kada su wahalar da mai shela. Wannan karon hannuwana biyu suna cikin aljihu, kuma ina jiran Surajo a fili.